Amsar Wasiƙunku: Kwamfutar Wasa Mai Sanƙarewa Da Batun Ƙara Wa Ƙwaƙwalwarta Gudu

Wannan fili ne na amsa wasiƙunku, inda muke buga amsoshin da aka bayar ta rediyo domin wanda bai samu ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya adana.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Yelwan Yauri a Jihar Kebbi, daga hannun wani Alhaji mai fataucin albasa wanda ya nemi a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa, ya ce da ribar albasar bara ya saya wa ɗansa kwamfutoci biyu na hannu, ya kama masa shago domin samari su riƙa biya suna buga wasan ƙwallo da na mota. To amma ɗaya daga cikinsu, ana tsakiyar wasa sai ta sanƙare, wani lokaci allonta ya koma shuɗi, ta mutu ta sake tashi, masu wasa su ce sai an mayar musu da kuɗinsu. Wani mai gyara ya ce akwai saitin da za a murɗa ƙwaƙwalwarta ta ƙara gudu, wani kuma ya ce a sayo ƙarin ƙwaƙwalwa. Alhaji yana so ya san wanda zai bi kafin ya sake fid da kuɗi. Mun kuma sami wasiƙu biyu, ɗaya daga Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗaya daga Shanga, suna tambaya a kan wayar hannu da ke maƙalewa in ana wasa. Za mu haɗa su duka, domin uwarsu ɗaya.

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce, abubuwa uku ne a nan, kuma kowanne daban: yawan ƙwaƙwalwa, da gudunta, da lafiyarta. Na'urar da ke sanƙarewa ba a fara mata da ƙarin gudu. A fara gano ciwon, a warkar da shi, sa'an nan a yi maganar gudu. Bari mu bi su daki-daki.

Mece ce wannan ƙwaƙwalwa?

A cikin kowace kwamfuta da kowace wayar zamani akwai wurin ajiya iri biyu. Na farko shi ne ma'ajiya, inda hotuna da wasanni da takardu suke kwana ko da an kashe na'ura. Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, saboda haka ɗauki ma'ajiya a matsayin sitonka, RAM kuwa ita ce shimfiɗar da kake baza kaya a kai ranar kasuwa. In shimfiɗar tana da faɗi, duk abin da mai saye ya nuna, hannu kawai za ka miƙa. In ƙarama ce, sai ka riƙa aiken yaro sito, mai saye yana tsaye yana jira. Wannan jiran shi ne tsayawar da wasa yake yi. Kuma kamar yadda ake naɗe shimfiɗa in kasuwa ta watse, haka duk abin da ke cikin RAM yake gushewa da zarar wuta ta ɗauke.

Wani injiniya na kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ne ya ƙirƙiro irin wannan ƙwaƙwalwa, ya kuma sami takardar mallakar fasaharsa a 1968, watau shekarar da aka kammala ginin madatsar ruwa ta Kainji. Yadda take aiki shi ne, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gurabu da ido ba ya gani, kowanne yana riƙe da ɗan ɗigon wuta. Gurabun nan suna yoyo kamar randa mai tsaga, don haka dole na'ura ta riƙa sake cika su sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. In zafi ya yi yawa, yoyon yana ƙaruwa. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Na farko: a duba yawa

Ana auna yawan RAM da giga. Kowane wasa yana da adadin da masu shi suka ce yana bukata. Alal misali wasan motar nan GTA V da ya fito a kwamfuta a 2015, mafi ƙaranci giga 4 yake nema, amma masu shi sun ce giga 8 ya fi. Wasan ƙwallo FIFA 23 kuwa mafi ƙaranci giga 8 ne, an fi son 12. Bugu da ƙari, ita kanta manhajar Windows tana cin nata rabon kafin wasa ya samu, domin Windows 11 ba ta yarda da ƙasa da giga 4.

Ɗanka zai iya dubawa da kansa ba tare da ya biya kowa ba. Ya kunna wasa, sa'an nan ya danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare. Wani shafi zai buɗe mai suna Task Manager. Ya shiga inda aka rubuta Performance, ya zaɓi Memory. Nan zai ga giga nawa ke cikin na'urar, da nawa ake ci a lokacin, da gudunta, da gurbi nawa aka cika. In ya ga an cinye kusan duka, to shimfiɗa ce ta yi kaɗan, kuma babu saitin da zai faɗaɗa ta. Sai dai a rufe abubuwan da ke tashi tare da na'ura ba gaira ba dalili, ko a koma wasan da bai kai wannan nauyi ba, ko a sayo ƙari. Har ila yau ya duba ko Windows ɗin mai lamba 32 ce ko mai 64, domin mai 32 ba ta iya amfani da fiye da giga 4 ko da an cusa mata 16.

In za a sayo, a lura da zamani. RAM tana zuwa ne a wani siririn allo mai kama da rular 'yan makaranta, wanda za mu kira sanda. Akwai DDR3 da ta fito a 2007, da DDR4 a 2014, da DDR5 wadda aka fid da ƙa'idarta a 2020. Kowacce da inda aka yi mata tsaga a baki, ba ta shiga gurbin 'yar'uwarta, kuma wanda ya danna da ƙarfi zai karya gurbin. Ta kwamfutar tebur doguwa ce, ta laftof gajera. Saboda haka wanda za a aika Kano ko Sakkwato ko Legas ya tafi da tsohuwar sandar a hannu, ko da hoton rubutun da ke jikinta.

Wata dabara kuma, sanda biyu masu giga 4 iri ɗaya sun fi sanda ɗaya mai giga 8 saurin kai kaya, kamar dai 'yan dako biyu da ɗan dako ɗaya a bakin tasha. Wannan ya fi tasiri ga kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, domin irinta daga cikin RAM ɗin take yankar wurin da take zana hoton wasa. In gurabu huɗu ne a babban allon na'urar, galibi na biyu da na huɗu ake fara cikawa. In kuwa aka haɗa mai sauri da mai nawa, dukansu sai su koma tafiyar mai nawa.

Na biyu: a duba lafiya

Alhaji, alamomin da ka faɗa, watau sanƙarewa da shuɗin allo da mutuwa a tsakiyar wasa, sun fi kama da rashin lafiya, ba rashin gudu ba. Abubuwa uku ke yawan kawo haka a ƙasarmu.

Na ɗaya ƙura. Hunturu yana cika cikin na'ura da ƙura, ta toshe fanka, ta shiga gurbin RAM. A kashe na'ura, a zare wayar wuta daga bango, mai aikin ya taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ya sa hannu ciki. A buɗe 'yan maƙallan gefe, a zaro sandar, a goge bakinta mai ruwan zinariya a hankali da robar goge rubutun fensir, a hure gurbin, a mayar har a ji ta ce ƙas. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Na biyu zafi. Kowa ya san yadda Yauri take a watan Maris da Afrilu, balle cikin shagon kwano da samari suka cika. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a janye shi daga jikin bango, kada a lulluɓe shi da zane yana aiki, a tabbata duk fankokin ciki suna juyawa. Laftof kuma kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Na uku wuta. Ko da yake tafkin Kainji yana bakin ƙofarku, wutar da madatsar ke bayarwa babban layin ƙasa take shiga, kuma kun fi kowa sanin yadda take zuwa tana ɗaukewa. Ƙaramin janareto ma wutarsa hawa da sauka take yi, musamman in an haɗa da firji ko dutsen guga. Kwamfuta ba ta son haka. A nema mata sitabilaiza, in da hali a haɗa da ɗan akwatin batirin nan da ake kira UPS, wanda ke riƙe ta na 'yan mintoci har a kashe ta cikin natsuwa.

Bayan wannan sai a yi mata gwaji. A cikin Windows akwai abin gwaji na kyauta mai suna Windows Memory Diagnostic. Akwai kuma wanda ya fi shi bin diddigi, MemTest86, wanda ake sa wa a filashi a tada na'ura da shi, ya zagaya ƙwaƙwalwar sau huɗu yana rubutawa yana karantawa. Yana ɗaukar sa'o'i, don haka a tanadi mai a janareto. Kuskure ko ɗaya ya nuna, to akwai matsala. In sanda biyu ce, a gwada su ɗaya bayan ɗaya har a gane mai laifin. Tun da kwamfutocinka biyu ne, in irinsu ɗaya, a yi musayar sandunansu. In ciwon ya bi sandar ya koma ɗaya na'urar, ka kama ɓarawo, kuma sandar da ta lalace ba ta gyaruwa, sai canji.

Na uku: batun gudu

Yanzu ga saitin da mai gyara ya faɗa maka. Gaskiya ne akwai shi. Wata ƙungiya a Amurka mai suna JEDEC ita ke tsara gudun da kowace RAM za ta yi lami lafiya a kowace na'ura. To amma wasu kamfanoni suna yin sanduna na musamman domin masu wasa, su gwada su a gudun da ya fi wanda na'ura ke ba su da farko, su rubuta wannan saitin a cikin sandar. Kamfanin Intel ya fito da wannan tsari a 2007, ya kira shi XMP. Kamfanin AMD ya fito da nasa a 2022 mai suna EXPO. A wasu allunan kuma za a ga an rubuta DOCP. Alal misali, sandar DDR4 da aka rubuta wa 3200 a kwali, in aka sa ta sai a ga tana tafiya a 2133 ko 2400, har sai an kunna wannan saiti. Lambar 3200 tana nufin kai kaya sau miliyan 3,200 a daƙiƙa ɗaya.

Yadda ake kunnawa shi ne, da zarar an danna maɓallin tada na'ura sai a yi ta danna Del ko F2, har wani shafi ya fito da ake kira BIOS, watau ɗakin da ake saita na'ura tun kafin Windows ta farka. A nemi inda aka rubuta XMP, a zaɓi na farko, a danna F10 a adana, a fita. Shi ke nan. Kada a taɓa sauran lambobin da ke wurin.

Amma ga abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kowa. Yawancin kwamfutocin tokumbo da ke shigowa kasuwanninmu na ofis ne, irin su HP da Dell da Lenovo, kuma galibinsu ba su da wannan saiti sam, haka ma yawancin laftof. Masu su sun kulle wurin da gangan domin na'ura ta daɗe tana aiki. Sai kwamfutar da aka harhaɗa musamman domin wasa ce ke da shi, kuma sai in sandar ma tana ɗauke da shi. Don haka ka ce wa mai gyara ya nuna maka wurin da idonka kafin a yi ciniki. Gani ya kori ji. Akwatunan PlayStation kuwa, giga 8 na PS4 da giga 16 na PS5 a manne suke, babu ƙari, babu saiti.

Sa'an nan ribar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Daga 2133 zuwa 3200 ƙarin rabi ne a gudun ƙwaƙwalwa, amma wasa ba zai ƙara santsi da rabi ba, domin akwai furosesa da katin hoto da su ma suke da iyakarsu. In jaki ne a gaba, ko an yi wa amalanke sabuwar taya, tafiyar jaki za a yi.

Haɗarin kuwa shi ne, shi kansa Intel ya ɗauki wannan saiti a matsayin tura na'ura fiye da ƙa'ida, har ya ce yana iya soke garanti. DDR4 tana cin wuta volt 1.2 ne a ƙa'ida, in aka kunna XMP galibi sai ta koma 1.35, ƙarin wuta kuwa ƙarin zafi ne. Masu jirgin ruwa a Yauri da Wara sun san wannan karatu: injin da aka murɗe har ƙarshe yana iya riga kowa isa gaɓa yau, amma ba shi ne ke daɗewa a kan ruwa ba. Wasu samari sukan ga bidiyo a waya, su shiga ƙara wuta da rage lambobin jira da hannunsu. Ka hana ɗanka wannan. Kada wuta ta wuce abin da aka rubuta a jikin sandar. Ƙwaƙwalwar da aka takura ba kullum take faɗuwa a gani ba. Wani lokaci a ɓoye take canza lamba ɗaya, ta rubuta kuskuren a ma'ajiya. In a wannan na'urar ce kake ajiye lissafin bashin abokan cinikinka, ko ake cike wa yara takardun jarrabawa, ka ga asarar ta wuce ta wasa. Sauri ya haifi nawa.

In an kunna saitin, dole a sake wancan gwaji. Kuma a yi shi da azahar, lokacin da shago ya ɗauki zafi, domin na'urar da ta ci gwaji da sanyin asuba tana iya faɗuwa da rana. In ta nuna kuskure, a sauko da gudun mataki ɗaya, daga 3200 zuwa 3000 ko 2933, a sake gwadawa. In ta ƙi, a kashe saitin baki ɗaya. In kuwa allo ya ƙi kawo hoto sam, kada hankali ya tashi, ba ta ƙone ba. A zare wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allo, mai lamba CR2032, a jira 'yan mintoci, a mayar. Na'ura za ta manta da saitin, ta koma yadda ta zo. Abu ɗaya da za mu ja kunne a kai shi ne sabunta BIOS ɗin kansa: in wuta ta ɗauke ana cikin yi, allon yana iya mutuwa, don haka kada a yi sai da UPS.

Akwai kuma wani saiti a cikin Windows inda na'ura ke aron wuri a ma'ajiya in RAM ta cika. Wasu kan ce a kashe shi wai don sauri. Kada a kashe, a bar Windows ta kula da shi da kanta, domin in babu shi, da RAM ta cika wasa zai rufe.

Ga masu tambaya daga Wara da Shanga

Malamai, RAM ɗin waya a manne take da allonta tun daga masana'anta, ba a ƙara ta. In kun ga an rubuta 4+4 ko 8+8 a kwalin waya, lambar farko ita ce ta gaskiya, ta biyun aro ce daga ma'ajiya. Tecno na kiran wannan Memory Fusion, Infinix na cewa MemFusion, Samsung kuma RAM Plus. Yana taimakawa waya ta riƙe manhajoji da yawa a buɗe, amma ba ya sa wasa mai nauyi ya yi gudu, domin ɗaki a sito ba shimfiɗar kasuwa ba ce. Saboda haka in za ku yi ciniki, ku yi shi a kan lambar farko. Duk manhajar da ta ce a sauke ta za ta ƙara RAM kuwa, ku guje ta, talla kawai za ta cika muku waya da ita, ta cinye data. Abin da ke aiki shi ne a rage ingancin hoto a cikin saitin wasan, a goge abin da ba a bukata don ma'ajiya ta sami sarari, a cire rigar waya in ta ɗau zafi, a kuma daina wasa tana kan caji.

A ƙarshe ga labarin kasuwa. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan RAM ta duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. A ƙarshen 2025 farashinta ya yi tashin gwauron zabi, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ta zuwa rumbunan kwamfutocinsu. Kai da ka san yadda albasa ke yi in manyan dillalai suka sauka kasuwa, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Wannan ya sa ya wajaba a tabbatar da ciwo kafin a sayi magani. In kuma za ka sayi sanda ta hannu, ku yi sharaɗi da mai ita cewa in ta faɗi gwaji za ka dawo da ita, domin araha ba ta ado.

Don haka Alhaji, ga jerin aikin: a share ƙura, a gyara iska da wuta, a yi gwaji, a duba ko yawan ya isa wasan da ake bugawa. Sai duk wannan ya yi daidai sa'an nan a duba ko akwai XMP, a kunna, a sake gwaji da rana. Na'urar da ke tafiya a hankali daga safe har dare ba ta tsaya ba, ta fi kawo kuɗi a kan mai gudu da ke korar masu wasa.

Da fatan Alhaji da sauran masu tambaya sun gamsu. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya ba manoma da masunta sa'a. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a rubuta tambaya a fili tare da sunan gari. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalam.